Windows a Katsina, Ubuntu a Daura, MacBook a hannu: yadda ake shiga kwamfuta daga nesa

Wani mai shagon kayan gini a wajen Ƙofar Ƙaura cikin garin Katsina ya aiko da tambaya. A babban shagonsa akwai kwamfutar tebur mai Windows, lissafin kaya da na bashi duk a cikinta suke. Yana da reshe a Daura inda ƙaninsa ya ɗora Ubuntu a kan wata tsohuwar kwamfuta. Shi kuma da MacBook yake yawo. So yake ya zauna a gida ko a hanya ya buɗe kowacce cikin biyun, ya ga allonta, ya yi aiki kamar yana gabanta. Wani yaro ya gwada buɗe masa ƙofar shigowa daga waje a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon, abin ya ƙi. Yana tambaya ko bambancin tsarin kwamfutocin ne ya hana.

Alhaji, bambancin Windows da Linux da Mac shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke gabanka. Su ukun sun daɗe da jin yaren juna. Abin da ke kayar da mutane a nan wajenmu biyu ne: hanyar da saƙo zai bi daga hannunka har shago, da kuma ko kwamfutar tana farke a lokacin da ka ƙwanƙwasa mata. Saboda haka da hanya zan fara.

Abin da yaron nan ya gwada dabara ce ta inda kamfanin intanet ke ba kowane gida adireshin IP nasa na kansa. Mafi yawan masu rauta mai layin waya, na MTN ne ko Airtel ko Glo, ba su da wannan. Kamfani yana tara dubban kwastomomi a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa amma zaure ɗaya, kuma mabuɗin zauren yana hannun mai gida. Na ciki yana iya fita ya yi aike, na waje kuwa ba shi da yadda zai nemi ɗakinka kai tsaye. Sunan tsarin CGNAT, kuma Starlink na gida ma haka yake. In kana so ka tabbatar, shiga shafin rautar ta burauza, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka duba wurin da aka rubuta WAN IP. Idan lambar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to ko ƙofa ɗari ka buɗe a rautarka ba wanda zai iso ta.

Gara ma da bai yi ba. Ƙofar da Windows ke sauraro a kanta ita ce 3389, kuma akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai laluben adireshin da ya bar ta a buɗe, suna gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Ta nan ake yawan shiga a kulle wa mutum fayilolinsa a nemi kuɗin fansa. A 2019 an gano wata ɓaraka da ake kira BlueKeep, wadda ta ba da damar shiga Windows 7 da XP ta wannan ƙofar ba tare da kalmar sirri ba ma. Ka sa yaron ya koma ya goge abin da ya rubuta a rautar.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka gina wa kwamfutocinka hanyarsu ta kansu. Manhajar da ta fi sauƙi ga wannan ita ce Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, wata fasahar haɗa na'urori ta ɓoyayyar hanya. ZeroTier ma tana irin wannan aikin. Kowace kwamfuta ita ce ke fita waje ta nemo 'yar uwarta, don haka matsalar zaure ɗaya ba ta taɓa ta. Ka sauke ta a kan ukun, ka shiga da asusu guda, na Google ko na Microsoft. A Windows da Mac saukewa ne da dannawa kawai. A Ubuntu ƙaninka zai bi umarnin sakawa da ke shafin kamfanin, sannan ya rubuta sudo tailscale up a Terminal, wato tagar rubuta umarni, ya turo maka mahaɗin da ya fito ka amince da shi. Daga nan kowace na'ura ta sami adireshi mai farawa da 100 wanda ba ya canzawa, ko an sake layi ko an sake rauta. Ka rubuta su a takarda.

Akwai saiti biyu da ake mantawa, kuma su ne ke sa abu ya yi kusan wata shida lafiya lau sannan wata safiya ya mutu. Na farko, mabuɗin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180, sai an sake shiga asusun a gabanta. Ka je shafin gudanarwa na Tailscale, a gefen kwamfutar shago da ta Daura ka zaɓi Disable key expiry. Na biyu, a Windows ka danna alamar manhajar a kusa da agogo, cikin Preferences ka kunna Run unattended. In ba haka ba, duk lokacin da kwamfutar ta sake tashi ba za ta hau hanyar ba sai wani ya zo ya shiga da kalmar sirrinsa. Kuma asusun nan da ka yi amfani da shi ya zama mabuɗin shagunanka biyu, don haka ka sa masa tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan.

Kafin ka ci gaba, daga MacBook ka buɗe Terminal ka gwada tailscale ping da adireshin shago in Mac ɗin ta gane umarnin, ko ka duba a manhajar ko ta nuna kwamfutar tana kan layi. Idan amsar ping ta ce via DERP, ma'ana saƙon yana zagayawa ta wata tashar kamfanin kafin ya dawo. Zai yi aiki, sai dai da ɗan nauyi. In ta nuna adireshi kai tsaye, madalla.

Yanzu ƙa'idar zaɓen yare. Kwamfutar da za a shiga ita ke yanke hukunci, wadda ke hannunka bi kawai take yi. Yare biyu ne manya. RDP na Microsoft ne, yana aika umarnin zane a matse, shi ya sa ya fi jure sabis mai rauni. VNC kuma hoton allo yake ɗauka yana turowa, yana shiga ko'ina amma ya fi cin data da nauyi. Duk inda RDP zai yiwu, shi za ka ɗauka.

Kwamfutar shago. Danna maɓallin Windows da R, rubuta winver, ka ga wane iri ne. Idan Pro ne, ko Enterprise, ko Education, za a iya shigarta da RDP. Idan Home ne, ita tana iya shiga wasu, amma ba a shigarta. A Pro ka je Settings, System, Remote Desktop, ka kunna, ka bar Network Level Authentication a kunne. A MacBook ka sauko da Windows App daga App Store, ita ce wadda a da ake kira Microsoft Remote Desktop kafin a sake mata suna a 2024. Ka zaɓi Add PC, ka sa adireshin nan mai 100, sai suna da kalmar sirri.

A nan ake yawan maƙalewa. Asusun da ba shi da kalmar sirri, Windows ba ta yarda a shiga da shi daga nesa, kuma kwamfutocin shago da yawa haka suke, ana kunnawa sai tebur. Lambar PIN ɗin da kake dannawa a gaban kwamfutar ma ba ta aiki daga nesa, domin ta wannan na'urar ce kaɗai. Ainihin kalmar sirrin asusun ake so. Idan asusun Microsoft ne kuma kullum da PIN ake shiga, ka shiga sau ɗaya da kalmar sirrin a gaban kwamfutar tana kan intanet, sannan ka gwada daga nesa. In ba ka san sunan asusun daidai ba, rubuta whoami a Command Prompt, tagar umarni ta Windows, zai nuna maka.

Ga wani abu da ya kamata ka sani tun kafin ka saba da RDP: Windows Pro mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Da zarar ka shiga daga gida, allon shago zai kulle. Idan yaron shago yana tsakiyar rubuta rasidin buhun siminti 50 ga kwastoma da ke tsaye, ka katse shi ke nan. Don haka RDP na bayan an rufe shago ne, ko lokacin da kuka yi waya ya ce maka bisimilla. Idan kuwa so kake ku ga allo ɗaya tare, kana nuna masa inda ya yi kuskure, sai manhajar da ke raba allo. RustDesk kyauta ce, tana aiki a tsarin ukun, kuma cikin saitin Security akwai Enable direct IP access, wanda zai ba ka damar kiran adireshin Tailscale kai tsaye ta ƙofa 21118. Chrome Remote Desktop ma kyauta ce, tana son asusun Google da PIN mai aƙalla lamba 6. Waɗannan biyun su ne kuma mafitarka idan winver ya nuna Home. AnyDesk da TeamViewer suna da kyau, amma na kyautarsu na amfanin kai ne, ba na kasuwanci ba, kuma in sun zargi kasuwanci ake yi sukan riƙa yanke haɗin. Akwai masu ɗora wata faci don tilasta wa Home karɓar RDP. Kada ka yarda a sa maka. Ta saɓa wa lasisi, kuma sabuntawar Windows na iya karya ta a ranar da kake Kano kana buƙatar lissafi.

Idan winver ya nuna Windows 10, ka tuna Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da lissafinka ke ciki ta cancanci a duba ko za ta ɗauki Windows 11.

Ta Daura ta fi buƙatar natsuwa, domin Ubuntu iri-iri ce. Ƙaninka ya rubuta lsb_release -a ya gaya maka lambar. Idan 24.04 ce, ya je Settings, System, Remote Desktop, zai ga shafi biyu. Desktop Sharing yana nuna maka allon wanda ke zaune a gabanta, kuma dole wani ya riga ya shiga. Remote Login yana kai ka fuskar shiga ko da ba kowa a shagon, kuma shi ne ya dace da kai. In an kunna su tare, Remote Login ke riƙe 3389, Desktop Sharing ta koma 3390, sai ka rubuta adireshin da :3390 a ƙarshe. Da Windows App ɗin nan dai za ka shiga, tunda RDP suke ji. Wani lokaci Mac takan ƙi Remote Login, ta haɗu sannan ta yanke. Maganinsa ka fitar da haɗin a matsayin fayil ɗin rdp, ka buɗe shi da TextEdit, ka nemi layin use redirection server name:i:0, ka mai da sifilin 1, ka sake shigo da fayil ɗin.

Idan 22.04 ce, raba allo kawai take da shi, a Settings, Sharing. Tana yankewa in allo ya kulle, kuma in an saita kwamfutar tana shiga da kanta ba kalmar sirri, ma'ajiyar kalmomin sirrinta takan zauna a kulle, sai ka ga kalmar da kuka sa jiya ta daina aiki yau. Ga wannan, da ma duk tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin RAM, xrdp ya fi, wato wata manhajar da ke sa Linux karɓar RDP. Umarnin shi ne sudo apt install xrdp xfce4, sannan a cikin asusun da za ka riƙa shiga a rubuta echo xfce4-session > ~/.xsession domin ya buɗe maka tebur mara nauyi. A kashe raba allon da Ubuntu ta zo da shi tukuna, kada su biyun su yi rigima a kan 3389. Shahararriyar cutar xrdp ita ce baƙin allo: ka sa suna da kalmar sirri daidai, sai duhu, ko ya jefo ka waje. Dalili kusan kullum ɗaya ne, wato asusun da kake shiga da shi yana buɗe a gaban kwamfutar. A buɗe maka asusunka daban da sudo adduser, ƙaninka ya riƙe nasa, shi ke nan. Idan ya kunna ufw, katangar tsaron Ubuntu, ya rubuta sudo ufw allow in on tailscale0 to any port 3389, wanda ke buɗe ƙofar ga hanyarku kaɗai.

In RustDesk ko AnyDesk kuka sa a Ubuntu kuka ga allo baƙi ko linzami ba ya motsi, Wayland ne, sabon tsarin zanen allo da ke hana manhaja leƙen allo ba izini. A 22.04 da 24.04, a fuskar shiga bayan an danna suna akwai 'yar alamar giya a ƙasa ta dama, a zaɓi Ubuntu on Xorg. Ina kuma roƙonka a sa openssh-server a kwamfutar nan. Ranar da allo ya ƙi fitowa, ta SSH, hanyar aika umarni a rubuce daga nesa wadda wannan manhaja ke buɗewa, za a shiga a rubuta sudo systemctl restart xrdp, maimakon a yi tafiyar kusan kilomita 80 saboda umarni ɗaya.

Shiga MacBook daga sauran biyun ba lallai ka buƙace shi ba, amma ga shi a taƙaice. Mac ba ta karɓar RDP, VNC take ji a ƙofa 5900. A System Settings, General, Sharing, ka kunna Screen Sharing, ka sa kalmar sirrin VNC, wadda haruffa 8 na farko kawai ake lissafawa. Daga Ubuntu a shiga da Remmina, daga Windows da TigerVNC, kuma a cikin Tailscale kaɗai, domin tsohon VNC ba ya ɓoye abin da yake aikawa. In RustDesk ce, sai ka ba ta izinin Screen Recording da Accessibility a Privacy & Security. Rashin na farko baƙin allo ne, rashin na biyu kuma kana gani amma ba ka iya danna komai.

Duk wannan aikin banza ne in kwamfutar tana kashe. Wutar KEDCO ta ɗauke, janareto ya tashi, kwamfutar tebur kuwa tana nan a kashe tana jiran yatsa. A BIOS ake gyara wannan, wato saitin cikin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ko Ubuntu ta tashi. Ana kunna ta a riƙa danna F2 a Dell, F10 a HP, a nemi AC Recovery ko After Power Loss ko Restore on AC Power Loss, a sa shi a Power On. Yanzu wuta na dawowa za ta tashi da kanta. Sai dai kwamfutocin da ake kawowa na hannu sau da yawa ƙaramin batirin cikinsu ya mutu, wani mai kama da kwabo a kan babban allon ciki, lambarsa CR2032. In ya mutu, duk ɗaukewar wuta saitin BIOS na iya komawa yadda ya zo, agogo kuma ya koma shekarun baya. Agogon da ya kauce yana ɓata takardun shaidar tsaro, sai haɗi ya riƙa ƙi da saƙon da ba ya nuna dalili. Ka sake batirin tun kafin ka taɓa BIOS, kuɗinsa kaɗan ne.

Barci ma mutuwa ce ga mai shiga daga nesa. A Windows, Command Prompt na mai gudanarwa, powercfg /change standby-timeout-ac 0 yana hana ta barci. Allo ya mutu ba komai. A Ubuntu a kashe Automatic Suspend cikin Power. In laftof ce a sa rufe murfi kada ya yi komai, kuma laftof tana da fa'idar batirinta na tsallake da ita gibin da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto. Ta tebur tana son UPS, ko ƙarami mai 650VA, wanda zai riƙe ta 'yan mintuna. Kada a manta rauta. Sau da yawa kwamfuta na kan inbata, rauta na jikin soket ɗin bango, wuta ta tafi da ita. A haɗa ta da UPS ɗin, ko a saya mata ƙaramin batiri mai ba da 12V in irin wutar da take ci ke nan, a duba rubutun jikin cajarta. Idan an rufe faifan Ubuntu da kalmar sirri tun wajen sakawa, ko BitLocker, makullin faifan Windows, na tambayar PIN kafin Windows ta tashi, to za ta tsaya a nan har sai wani ya danna da hannu. In kuma an cire mata allo gaba ɗaya, manhajojin raba allo sukan nuna duhu ko ƙaramin hoto, sai a toshe mata 'yar na'urar HDMI mai kwaikwayon allo. Lokacin hunturu a riƙa hure mata ƙura, a watan Afrilu da Mayu kuma kada a kulle ta cikin durowa, zafi na sa ta kashe kanta.

Game da sauri, ƙarfin turawa na ɓangaren shago shi ne mai muhimmanci, tunda daga can hoton ke tasowa. A ɗora rauta kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, a ja wayar LAN daga ita zuwa kwamfutar maimakon Wi-Fi. A Windows App ka cire alamar Optimize for Retina displays, ka sa girman allo 1280 da 720 ko 1366 da 768, launi 16 bit. Lissafi ba ya buƙatar fiye da haka, datarka kuma za ta yi auki. Ka rubuta ranar ƙarewar datar rautocin biyu a wayarka, domin ƙarewarta da lalacewar saiti kama ɗaya suke daga nesa.

Kibod yana da nasa rikicin. Kwamfutocin da suka fito daga Ingila da na Amurka ba wuri ɗaya suke ajiye @ da alamar zance ba. A tsarin Amurka @ yana kan Shift da 2, a na Ingila kuwa wannan wurin alamar zance ce. Ka danna kalmar sirri daidai, can ta isa da wani harafi, a ce maka ba ita ba ce. Ka daidaita tsarin kibod a ɓangarorin biyu, ko ka zaɓi doguwar kalmar sirri ta kalmomi huɗu ko biyar da lambobi, ba irin waɗannan alamomin. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, in sun ƙi fitowa, a ƙara kibod ɗin Hausa a kwamfutar da ake shiga, Windows tana da shi a saitin harshe. Kuma a cikin Windows da Ubuntu maɓallin Control ke yin abin da ka saba yi da Command.

Ranar da yaron shago ya bar aiki, ko waya ko laftof ta ɓata, ka shiga shafin Tailscale ka cire na'urar, ka sake kalmomin sirri. Ka kuma gargaɗi ma'aikatanka: duk wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, a sauke wata manhaja a karanta masa lambar da ta fito, ɓarawo ne, lambar nan ita ce ke ba shi allon.

In haɗi ya ƙi, bi shi daki-daki daga ƙasa. Duba ko Tailscale ta nuna kwamfutar tana kan layi. In ba ta nuna ba, wuta ce ko data ko barci, kada ka taɓa saitin komai, waya za ka buga. In tana kan layi, daga Terminal na Mac rubuta nc -vz da adireshin da 3389. In ya ƙi, ko sabis ɗin RDP bai tashi ba ko katanga ta tare. In ya amsa amma an ƙi ka, suna ne ko kalmar sirri ko kibod ko agogo.

Kafin ka dogara da shi, ka yi gwaji ɗaya da rana kana cikin shago. Rufe manhajar lissafi, ka kashe kwamfutar yadda ya kamata, ka zare wayar wutarta da ta rauta, ka jira minti ɗaya, ka mayar, kada ka taɓa maɓallin kunnawa. Wasu BIOS sai sun ga yankewar wuta irin wannan suke tashi, kuma abin da kake son gani ke nan. Sai ka cire MacBook daga Wi-Fi na shago, ka haɗa ta da datar wayarka, ka ba su minti biyar, ka shiga. Ta Daura ma haka, ƙaninka na zarewa yana mayarwa, kai kana kan waya daga Katsina kana gwadawa.